Ruwan Asabar a Garkar Babana

'Yan uwana mata, yau ba hirar lefe na zo mu yi ba. Wadda ta san zuciyarta ba ta ɗaukar labarin ramuwa ta ajiye waya tun yanzu, don ni Bahijja ban yafe ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar na yafe ba.

Bari in fara da mutumin. Sunansa Ubaidullahi, ɗan Shagari, dogo, mai gemu a gyare kamar da ma'auni aka yanka shi, ga shadda kullum tana ƙara. Shi ne mai Dausayin Ubaidu, wurin shaƙatawar nan da ke kan hanyar Bodinga zuwa Shagari, mai kwamin iyo da koriyar ciyawa da ake zuwa ɗaukar hoto a kai. Bayan katangarsa kuwa garkar babana ce, Malam Mode, wadda ya gada daga kakana. Albasar garkar nan ita ta ciyar da mu, ita ta kai ni makaranta.

Ubaidu ya gan ni ranar da na kai wa Baba fura, ya bi ni har gida. Innata Ramatu tun daga ranar ta daina taka ƙasa sosai. Ta sa aka shafe zauren gidanmu da farar ƙasa, ta sayi sabuwar tabarma mai ruwan goro wadda ba mai zama a kai sai shi. Ni ma kada in yi muku fuska biyu, na so shi. Saƙonsa na safe kafin in idar da azkar yake shigowa: “Gimbiyar Bodinga, kin tashi lahiya?” Sai in yi ta murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

A Dausayin, Asabar ranar mata ce. Daga safe har la'asar namiji ba ya taka ciki, ko mai gadi a bakin titi yake zama, don matan aure da 'yan mata su cire hijabi su shiga ruwa hankali kwance. To amma injin da ke juya ruwan kwamin bai san Asabar ba, dole wani ya kula da shi. Shi ya sa Ubaidu ya roƙi Baba ya bar ni in riƙa kula da wurin ranar, ya kuma koya mini aikin da kansa.

Ɗakin injin ɗan ƙarami ne, zafi kamar gidan burodi. Akwai injin da ke jan ruwa daga kwami, da wani ƙaton tulu cike da yashi da ke tace datti, da agogo mai allura a kansa, sai wani hannu da ake murɗawa a saman tulun.

“Dibi nan,” in ji shi ranar farko, yana nannaɗe hannun riga. “Kada ki taɓa murɗa hannun ga inji na aiki. Ki kashe tukuna. Kwandon ga kuma ki buɗe ki kwashe gashi da ganye, ki cika shi da ruwa kahin ki ruhe. In ya sha iska, ƙonewa za shi yi.”

“In allurar ta hau fa?”

“Yashi ya ƙoshi da datti ke nan. Ki kashe, ki murɗa zuwa wanki, ki kunna. Ruwa shi wanke yashin shi hita waje. In kin ga ya washe cikin ɗan gilashin ga, ki kai shi ɗauraya, sannan ki maida shi tacewa.”

“Ina ruwan wankin ka zuwa?”

“Rami na gina mai a baya. Ke dai gimbiya, bar wahal da kanki.”

Na iya aikin har na fi son sa da ɗinki. Na san kukan injin in yana lafiya, na san tarinsa in iska ta shige shi. Abin da nake cirowa daga kwandon kuwa sai wanda ya gani: ribom, kitson roba, ɗan kunne, har haƙorin Makka na taɓa tsinta. Duk Juma'a da yamma Ubaidu kan sa a zuba wa kwamin kulorin mai yawa, wai mata na shigowa da lalle da man shafawa. Da safiyar Asabar ni kuma in yi wanki kafin baƙi su iso, ruwan na fita yana warin da ke sa ido hawaye.

A wannan lokacin ne garkar Baba ta fara lalacewa. Bara dashen albasa ya yi rawaya daga baki, ya kwanta. Bana irin ma da ya yafa ƙonewa ya yi tun bai kai tsawon yatsa ba. Ya sayi maganin feshi, ya canja taki, ya kai ganyen wurin malamin gona, ya sa aka yi sauka. Mutumin da ke cinye malmala biyu ya koma sai Inna ta yi ta lallashi kafin ya taɓa tuwo.

Ubaidu ya zo har zaure ya tanƙwashe ƙafa a tabarmarsa.

“Baba, ƙaddara ta. Ƙasar ga ta gaji. Ku sayar mani in ƙara da wurin aje motoci, ku huta. Ai ni da ku an zama ɗaya.”

Baba ya dubi tafin hannunsa. “Kai da ka ba ni ruwa kyauta, mi zan hana ma? Bari in yi shawara.”

Ruwan kyautar nan na san da shi. Tun bara Ubaidu ya fito da bututu ta ƙarƙashin katanga zuwa lambatun Baba, ya ce ragowar ruwan burtsatsensa ne, kada ya tafi a banza. Manomin rani kuwa ka ba shi ruwa ba tare da ya sayi fetur ba, ka gama masa komai. Baba har a masallaci yake ba da labari. Tsohon injin ban-ruwansa ya lulluɓe shi da buhu ya jingine.

Ranar da asiri ya tonu, wuta aka ɗauke, janareta kuma ya ƙi tashi sai da ni da Kaltume muka yi ta fama. Kaltume ita ce mai sharar wurin, bazawara 'yar Dingyadi, mai ƙarfi kamar ta ɗauki buhun gero ta yi guɗa. Rana ta yi sama ban yi wanki ba. Sai ga kiran Baba.

“Bahijja, ɗiyata, yau ruwan yaron ga bai zaka ba. Ko lahiya?”

“Wane ruwa, Baba?”

“Na Asabar mana. Kullum da hantsi shi ka zakuwa.”

Na Asabar. Ban taɓa tambayar ranar da ruwan ke zuwa ba, don duk Asabar ina cikin katanga. Daidai nan janareta ya kama. Na ce Baba kada ya kashe waya. Na murɗa hannun zuwa wanki, na kunna inji, na kasa kunne a waya.

“Alhamdu lillahi, ga shi ya zaka!” in ji Baba, da murna a muryarsa.

Na kashe.

“A'a, ya kuma tsaya.”

Na zauna daɓas a kan bokitin kulorin. Babu wani rami. Babu ragowar burtsatse. Ruwan magani ne, kuma da hannuna nake aika shi kan albasar ubana, ina yi ina waƙa.

Zuciya mai son uzuri ta ce mini wataƙila bai san yana ƙona shuka ba. Sai na tuna ranar da Bala mai kula da furanni ya ɗebi ruwan kwami a bokiti zai zuba wa ciyawa. Ubaidu ya taso kamar zai dake shi: “Kai mahaukaci na? Ruwan ga kashe shuka shi kai! Ka san daga inda anka kawo ciyawar ga?” A gabana aka yi, har na ba Bala haƙuri.

Duk da haka na ba shi dama ta ƙarshe. Na rubuta masa: “Ranka shi daɗe, wai ina ruwan wankin yashi ka zuwa? Na manta.”

Amsa ta zo da hoton fure: “Rami, gimbiyata. Mi ya kawo tambaya? Ki ce ma Baba Juma'a ta sama za mu zaka da Kawu a gama maganar garka, kahin bikin ƙanwata Firdausi.”

Na karanta, na sake karantawa. A nan son ya mutu, ban ko yi masa zaman makoki ba.

Da na koma gida na sami Inna a tsakar gida tana tankaɗe, na faɗa mata komai. Ta ajiye rariya ta dube ni sama da ƙasa.

“Ke dai ba ki da godiya. Yaro ya ba ubanki ruwa, ya ba ki aiki, zai ba ki gida, ki rasa abin saka mai sai ƙazahi? Ruwa dai ruwa na. Kada in ji zancen ga bakin Malam, hawan jininshi ya ishe shi.”

“Inna, wallahi da kunnena...”

“Rufa mani baki! So kika a ce ɗiyar Ramatu ta kori miji da tsegumi?”

Na shiga ɗaki na kwanta rigingine ina kallon silin. Ban yi kuka ba, mamakin kaina ma na yi. Na gane in da baki na je wa Baba, Ubaidu zai zo da shaddarsa da tattausar muryarsa ya wanke kansa tas, a ce shaiɗan ne ya shiga tsakani. Gani ya kori ji. To zan nuna musu.

Ku tuna ciyawar nan. Ubaidu ya fi son ta da wasu danginsa. A kanta za a yi kamun ƙanwarsa Firdausi, an riga an buga kati, an gayyato mata daga Sakkwato har Yabo. Satin nan kuma ya tafi Kano sayayyar biki.

Asabar ta zagayo. Na sa tsohuwar atamfata mai ganyen kuka, na ɗaura ɗankwali tamau, na bar turare a gida. Na sami Kaltume tana wanke bakin kwami, na zayyana mata. Ta saki tsintsiya.

“Albasa? Albasar bawan Allah yak kashe da gangan?” Ta tofar da yawu gefe. “Ubana manomi na. Hwaɗa mani inda zan kama.”

Na rubuta a allon ƙofa cewa ba shiga ruwa sai bayan azahar, magani ya yi yawa. Ban yi ƙarya ba, don ragowar kulorin da ke bokiti duk na juye a kwamin, na bar inji ya gauraya shi. Bayan ɗakin inji akwai mahaɗar da bututun wanki ke bi kafin ya nutse ƙarƙashin katanga. Kaltume ta kama ta da hannu biyu ta murɗe, muka cusa babbar mesar da ake share ƙasan kwami da ita, muka ɗaure da robar taya. Ɗaya bakin muka ja har tsakiyar ciyawa.

Na kashe inji. Na kai hannun kan zubarwa, inda ruwa ke fita kai tsaye ba ya bi ta yashi. Na yi bisimilla na kunna.

Wayyo daɗi! Ruwa ya yi ta bulbula, Kaltume na jan mesa lungu lungu kamar mai ban-ruwan fangali, ba ta bar ko tafin hannu ba. Furannin bakin hanya ma ta ce kada su yi fushi, ta ba su rabonsu. Wata Hajiya da ta zo da wuri ta tsaya tana yaba mu.

“Sannunku da aiki, 'yan mata. Lalle amarya za ta taka kore.”

“Insha Allahu, Hajiya,” na ce.

Idona na kan kwamin. Da ruwa ya kusa sauka ƙasa da bakin da inji ke sha, na kashe. Kaltume ta ce in bar shi ya sha iska ya ƙone gaba ɗaya, a huta. Na ƙi. Injin bai yi mini ƙarya ba. Na wanke masa kwando, na cika shi da ruwa, na buɗe burtsatse ya mayar da abin da ya ragu, na maida hannun kan tacewa. Kafin mu kwance mesar na cika jarka ɗaya na toshe bakinta da leda. Bututun Baba kuwa tsumma na cusa masa.

Ranar Talata saƙo ya shigo, ba gimbiya, ba fure: “Bala ya ce ciyawa na rawaya. Kin ga wani abu ran Asabar?”

Na gyara kwanciya na rubuta: “Ƙaddara ta. Wataƙila ƙasar ta gaji.”

Ya kira, ban ɗauka ba. Ya sake kira, na sa wayar ƙarƙashin filo na tafi taya Inna tsinke zogale.

Ranar Alhamis da hantsi na kai wa Baba fura garka. Na same shi zaune a gindin mangwaro yana kallon fangalin da babu komai. Na ce ya zo ya ga wani abu. Akwai ƙaramar ƙofa a katangar baya, mabuɗinta na haɗe da na ɗakin inji. Na buɗe.

Ciyawar ta zama kamar tabarmar da rana ta cinye. Baba ya tsuguna, ya tsinki ganye ɗaya, ya juya shi. Bakin ya bushe ya yi fari, rawaya ta gangaro ƙasa. Ya san wannan mutuwar, shekara biyu yana kwana da ita.

“Mi yac ci ta?”

“Ruwan Asabar, Baba. Satin ga nan na juya shi.”

Na buɗe jarkar da na ɓoye a bayan ɗakin inji na miƙa masa. Ya sunsuna, ya kawar da kai. A lambatu ruwan kan gauraya da laka, warin ya ɓace, bai taɓa jin sa haka tsagwaronsa ba. Na faɗa masa maganar rami, da abin da aka yi wa Bala. Ina jira ya yi faɗa, ko ya ce na yi ɓarna a dukiyar mutane. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, abin da ban taɓa gani ba tun rasuwar kakata.

“Har godiya ni kai mai cikin masallaci,” ya ce a hankali. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. “Ɗauko jarkar ga mu tahi gida.”

Juma'a bayan an sauko, mota ta tsaya ƙofar gidanmu. Inna tun safe take soya, ta yi masar shinkafa da miyar taushe, ta sa leshinta na Sallah. Ni na laɓe bayan labulen ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida. Ubaidu ya shigo da farar shadda, fuskar nan ba walwala, kawunsa Alhaji Haruna a gaba, sai mai unguwarmu da aka kira shaida. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi zafi.

Kun san baƙo ba a fara magana da shi sai ya sha ruwa. Inna ta miƙo mini jug mai ƙanƙara in kai. Baba ya ɗaga murya daga zaure.

“Bar wannan, Bahijja. Kawo wanda na aje.”

Na kai ƙwaryar da ya tanada, sabuwa fil, da faifai a kai. Na durƙusa na ajiye a gaban Ubaidu, na buɗe. Warin ya cika zauren. Alhaji Haruna ya ja da baya yana toshe hanci da bakin rawani.

“Malam Mode, mi a wannan?”

“Ruwan da ɗanku ya ba ni kyauta na, Alhaji. Shekara biyu albasata na sha. Na ga bai kamata in karɓi alheri in kasa maida kwatankwacinshi ba.” Ya juya ga Ubaidu, murya a kwance. “Bisimilla, ɗana. Ragowar burtsatse na, in ji ka.”

Ubaidu ya dubi ƙwarya, ya dubi kawunsa, sannan ya ɗago ya dube ni. Ban sunkuyar da kai ba. Rabon da in kalli namiji ido cikin ido a gaban Baba tun ina 'yar firamare, amma ranar na kalla, na ƙoshi.

“Baba, kuskure na na masu aiki...”

“To sha kuskuren.”

Bai taɓa ƙwaryar ba. Mai unguwa ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya tofar, ya yi salati. Alhaji Haruna ya tambayi ɗan 'yar'uwarsa sau ɗaya ko ya san abin da ke bin bututun. Ubaidu ya sadda kai ƙasa, tsohon ya laluba takalmansa.

“Malam Mode, ka yi haƙuri. Ban san abin da anka kawo ni shaida ba,” in ji Alhaji Haruna.

“Ba komi, Alhaji. Garka dai ba ta sayarwa ba ta. Ɗiya kuma, ga ta nan, ku tambaye ta.”

Ba wanda ya tambaye ni. Amsar tana fuskata.

Da suka fita na sami Inna tsaye a bayan labule, cokalin juya masa a hannu, hawaye na zuba kan leshin. Ba ta ce na yi daidai ba, Inna ba ta iya wannan ba. Zaure ta shiga ta naɗe tabarmar mai ruwan goro ta jefa wa awaki a turke. Baba kuwa ko masar bai tsaya ci ba. Ya cire rigar Juma'a, ya kira mai a-daidaita, aka ɗora tsohon injin ban-ruwansa zuwa wurin gyara. Ya ce akwai mai sauran iri a Mandera, in an yi sauri ba a makara ba.

Da la'asar saƙo ya shigo: “Kin ci amanata. Gobe da sahe ki kawo mani mabuɗina hannu da hannu.”

Ina zaune a bakin gado, dutsen guga na zafi, ashoben bikin Firdausi shimfiɗe a gabana, shuɗin leshi da shi da kansa ya saya mini. Gobe mata za su cika Dausayin, danginsa da dangin ango da matan manyan gari, kowace ta taka busasshiyar ciyawar nan ta tambayi abin da ya same ta. Ni kuwa ba a taɓa yi mini tambaya na ƙi amsawa ba.

Na rubuta masa: “Zan aje ma mabuɗi cikin ɗakin inji, ka shigo ka ɗauka. Au, na manta. Gobe Asabar ta, maza ba su shiga.”

Na ajiye wayar, na fara guga daga hannun riga.